Lamba Ɗari Huɗu da Sha Tara

Ranar da farar mota ta tsaya bakin gonata
ina duƙe ina cire ƙuduji.
Mutum uku daga jami'a, na huɗu Bature,
rana ta mai da shi tattasai, hularsa kamar faifai,
suka ce sun zo nazari.

Na ce nazarin me? Ga dawa, ga ƙasa.
Dakta Barau ya ce, "Baba Ilu,
jami'armu ta ƙulla zumunci da wata a Holan,
su da kuɗi da na'ura,
mu da rana da iri."

Suka kafa allo kan iyakata da Mati,
tuta biyu a jiki, rubutu sahu bakwai,
an ce sunana na ciki, ban gan shi ba.
Awaki suka sami wurin susa,
ni dubu biyar duk wata da buhun taki,
kuma ana biya da wuri.

Jar dawar nan Kaka Yalwa ta zo da ita
ƙulle a bakin zane, shekarar yunwa.
Duk ƙasar Auyo ba ta da suna sai nata.
Baturen ya roƙi tafi biyu,
ya zuba a ambulan, ya lasa, ya liƙe,
ya rubuta ɗari huɗu da sha tara.
Na ce, Yalwa, yau kin zama lissafi,
ke da ba ki taɓa hawa mota ba
za ki ƙasar ɗari.

Tasalla 'yar ƙanena ke riƙe musu igiyar awo,
tana ƙirga zangarniya tana rubutawa.
Daga igiya sai jami'a.
Daga jami'a, tsofaffin ɗalibai da ke can
suka yi mata karo-karo kamar 'yan adashi,
ta bi sawun kakarta ta sama,
uwarta na kuka tana daka yaji
ta ƙulle mata shi ɗauri-ɗauri.

Damina ta uku Dakta ya zo shi kaɗai.
"Kuɗin na shekara uku ne, Baba, an rufe littafi."
Ya sha fura, ya tafi.
Allo ya yi tsatsa, tutocin suka koma launi ɗaya,
ban tumɓuke ba, na bari.

Sai kogi ya ɓalle da dare.
Rumbu uku suka durƙusa cikin ruwa,
abin da muka tsamo ya tsira ya ruɓe a tabarma.
Na bi gida-gida har Kafin Hausa,
babu mai ko ƙwaya.
Muka shuka na kasuwa, tuwon ya cika ciki
amma bai san hanyar maƙogwarona ba,
sai na haɗa da haƙuri.

Bana Tasalla ta dawo da tabarau da tari
da ambulan ƙarami cikin jakar hannu.
Wasiƙa bakwai ta rubuta kafin a buɗe firjin,
hatimin ƙasa biyu, sa hannun shugabanni.
Ni ma na dangwala yatsa
cewa na karɓi aron abin da na bayar kyauta.
Ƙwaya saba'in. Na ƙirga sau uku,
hannuna na ɓari.

Na shuka bayan gida, na kewaye da ƙaya.
Sittin da ɗaya suka fito.
Shekara tara cikin ƙanƙara, ba su manta Auyo ba,
ganyen nan mai faɗi, jan nan na gindin kara,
har yanzu da tauri.

Mati ya leƙo ta kan danga ya ce,
"To, cutarka suka yi ko taimako?"
Na ce ɗauko gwangwani ka taya ni korar tsuntsaye.
An ce sun sabunta yarjejeniya, motar za ta dawo.
In sun roƙa zan ba su, tafi huɗu ma,
amma Tasalla ce za ta riƙe alƙalami,
ta rubuta Yalwa tukuna, da manyan baƙi,
lambar ta biyo baya in da sauran wuri.